Ƙubbar Fulorans: garin da ya yi rantsuwa a kan ginin da bai san yadda zai rufe shi ba

A shekarar 1418, babbar majami'ar birnin Fulorans, a ƙasar Italiya ta yau, tana tsaye da wawakeken baki a tsakiyarta. An shafe shekara 122 ana gininta. Katangu sun tashi, an rufe dogon zauren masu ibada, amma inda ƙubba za ta zauna babu komai sai sarari mai kusurwa takwas, faɗinsa kusan mita 45 daga kusurwa zuwa kusurwa, bakinsa kuma ya ɗara mita 50 daga ƙasa. Idan damina ta sauka, a ciki take zuba. Duk faɗin Turai babu wani magini da ya taɓa rufe sarari mai wannan faɗi a irin wannan tsayi, kuma su kansu masu ginin sun san haka.

Wannan ƙubba ita ce ake yawan nunawa idan ana maganar zamanin da Turai ta farfaɗo da ilimi da fasahar Rumawa da Girkawa. Akan taƙaita labarin da cewa wani haziƙi mai suna Filippo Brunelleschi ya je Rum, ya ga yadda mutanen da suka yi gini, ya dawo ya maimaita. Idan aka bi lamarin daki-daki, abin da ake tararwa ya fi wannan daɗi, ya kuma fi shi amfani ga mai son sanin yadda ilimi ke farfaɗowa a hannun al'umma.

Nauyin da suka ɗora wa kansu

An aza harsashin majami'ar a 1296 bisa tsarin Arnolfo di Cambio. Aikin ya yi ta jan ƙafa. A 1331 hukumar birnin ta damƙa shi a hannun ƙungiyar masu sana'ar ulu, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin sana'a mafi arziki a garin, ita kuma ta riƙa naɗa wakilanta a hukumar da ke kula da ginin. Yawancin kuɗin daga harajin gari yake fitowa, saboda haka ginin na jama'a ne, kowa yana da bakin magana a kansa. A 1348 annoba ta shigo ta kwashe kusan rabin mutanen birnin. Garin da a da ake ƙiyasta mutanensa da 100,000 ko fiye, lokacin da aka yi ƙidayar haraji ta 1427 bai kai 40,000 ba.

Cikin wannan hali ne, a 1367, aka amince da wani sabon samfurin gini wanda ayarin magina da masu zane ƙarƙashin Neri di Fioravanti suka gabatar. Samfurin ya tanadi ƙubba mai kusurwa takwas, mai tsini, kuma babu ginshiƙan tokara daga waje irin waɗanda ake jingina wa manyan majami'un Faransa. Aka ajiye samfurin a cikin majami'ar, aka kuma wajabta wa masu kula da aikin su riƙa rantsuwa cewa ba za su kauce masa ba. Mutanen da suka yanke wannan shawara babu ɗaya daga cikinsu da zai iya faɗin yadda za a rufe ƙubbar. Sun bar wa jikokinsu. A ganina wannan shi ne abu mafi ban mamaki a labarin gaba ɗaya: gari ne da mutuwa ta rage shi, amma ya ɗaure kansa da alkawarin da ya fi ƙarfin iliminsa na lokacin, sannan ya riƙe alkawarin shekara hamsin ba tare da ya rage girman ginin ba.

Me ya sa abin ya gagara? Yadda aka saba gina baka ko ƙubba a Turai shi ne kafintoci su fara haɗa ƙirar katako mai siffar abin da za a gina, magina su jera duwatsu a kai, idan kwaɓin ya kama sai a zare katakon. A nan kuwa katakon zai taso ne daga ƙasa ya haura mita 50 kafin ma ya fara aikinsa, sannan ya ketare faɗin mita 45. Kuɗinsa da yawan itacen da zai ci sun wuce misali. Kwaɓin farar ƙasa kuma yana daɗewa bai bushe ba, katako kuwa idan ya daɗe ƙarƙashin nauyi sai ya lanƙwashe, ginin ya bi shi. Ga wata matsala ta siffa. Ƙubba mai da'ira, kowane layi da aka zagaye aka haɗe bakinsa yana riƙe kansa, domin kowane dutse yana tokare da maƙwabcinsa. Mai kusurwa takwas kuwa ɓangarorinta a miƙe suke, da zarar bango ya fara sunkuyowa ciki, tsakiyar kowane ɓangare neman ruftawa yake.

Masu neman littattafai da mai auna duwatsu

A daidai waɗannan shekaru wani abu yana motsi a garin. Coluccio Salutati, wanda ya riƙe muƙamin babban magatakardan birnin daga 1375 zuwa 1406, ya sa aka gayyato Manuel Chrysoloras daga Kustantiniya, ya iso a 1397 domin ya koyar da harshen Girka. Ɗalibansa, ciki har da Leonardo Bruni, suka shiga fassara littattafan Girkawa zuwa Latin kai tsaye daga asalinsu. Poggio Bracciolini, wani magatakarda a fadar Fafaroma, ya riƙa bin gidajen 'yan zuhudu a ƙasashen Jamusawa yana tono tsofaffin rubuce-rubuce. A 1416 ya samo cikakken littafin Quintilian kan fasahar magana a Saint Gall, a 1417 kuma ya samo doguwar waƙar Lucretius wadda aka daɗe ba a jin ɗuriyarta. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne ɗabi'a guda: a koma ga asali, a kwatanta kwafi da kwafi, a gyara kuskuren masu juya, kada a tsaya ga abin da aka ji an ce.

Filippo Brunelleschi, wanda aka haifa a 1377, ba ɗan wannan aji ba ne. Mahaifinsa marubucin takardun yarjejeniya ne, shi kuwa ya koyi ƙirar zinariya. A 1401 ya shiga gasar ƙera ƙofofin tagulla na ɗakin baftisma da ke gaban majami'ar. An ba 'yan takara jigo ɗaya, labarin Annabi Ibrahim lokacin da zai yanka ɗansa, kuma aikin ya faɗa hannun Lorenzo Ghiberti. Allunan gwajin su biyun suna nan har yau a gidan tarihi na Bargello. Antonio Manetti, wanda ya san Brunelleschi kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ce bayan wannan ne ya tafi Rum tare da mai sassaƙa Donatello, suna haƙa gindin kangaye suna aunawa suna zanawa, har mutanen garin suka ɗauke su masu neman taska.

Abin da Poggio ke yi da takardu, shi Brunelleschi yake yi da duwatsu. Amma me Rum za ta iya ba shi? Babban abin kallo a can shi ne Pantheon, tsohon haikalin Rumawa, wanda aka kammala a zamanin Sarki Hadrian, faɗin ƙubbarsa mita 43 da 'yan kai. Da kankare aka zuba shi, sana'ar da magina na ƙarni na 15 ba sa yi. Siffarsa rabin ƙwallo ce, zaune kan katanga mai kaurin kusan mita 6 wadda ta taso daga ƙasa tana riƙe shi. Fulorans ba ta da kankaren, ba ta da katangar, kuma rantsuwar 1367 ta riga ta haramta da'ira. Abin da Rum ta ba shi tabbaci ne cewa ɗan Adam ya taɓa rufe irin wannan faɗi, da kuma darasin rage nauyi yayin da gini ke hawa, domin Rumawa sun yi amfani da tsakuwa mara nauyi a saman ƙubbarsu. Sauran kuwa sai ya nemo da kansa.

Akwai wani abin lura a nan. Mutanen Fulorans na lokacin sun yi imani cewa ɗakin baftisma nasu tsohon haikalin Rumawa ne na gunkin yaƙi Mars. Alhali a ƙarni na 11 da na 12 aka gina shi. Yana da kusurwa takwas da rufi mai ɗan tsini, kuma shi ne ginin da ya fi kama da abin da ake son yi. Wani ɓangare na abin da suke ɗauka gadon Rumawa ne, aikin kakanninsu ne na kusa.

Gasa da takardar 1420

A watan Agusta 1418 hukumar ginin ta yi shela: duk mai dabarar rufe ƙubbar ya kawo samfuri, akwai ladan fulorin 200 na zinariya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Magina da kafintoci suka kawo nasu. Brunelleschi, da taimakon Donatello da Nanni di Banco, ya gina nasa da jan bulo na gaske, babba, ba tare da ƙirar katako a ƙarƙashi ba, domin masu hukunci su gani da idonsu. Duk da haka ba su sakar masa ragamar shi kaɗai ba. A watan Afrilu 1420 aka naɗa mutum uku su shugabanci aikin: shi, da tsohon abokin hamayyarsa Ghiberti, da wani gogaggen magini mai suna Battista d'Antonio. Albashin Brunelleschi da na Ghiberti ɗaya ne, fulorin uku a wata.

Ana yawan ba da wannan a matsayin rashin adalci ga haziƙi. Ni ban gan shi haka ba. 'Yan kasuwar ulu ne za su zuba kuɗin jama'a a kan dabarar da ba a taɓa gwadawa ba, a hannun maƙerin da bai taɓa kammala wani babban gini ba, mutumin da kuma aka san shi da ɓoye sirrinsa. Haɗa shi da wasu, hankali ne. Abin yabo shi ne da suka ga aikin yana tafiya, suka gyara: a 1426 aka ɗaga albashinsa zuwa fulorin 100 a shekara, Ghiberti kuma hankalinsa ya koma kan ƙofofi na biyu na ɗakin baftisma da aka ba shi a 1425.

A shekarar 1420 ɗin aka rubuta takardar tsarin aiki, kuma tana nan. Ta fayyace kaurin bango da yawan haƙarƙari da irin dutsen da za a sa. Sannan ta ce a yi gini ba tare da ƙirar katako ba har tsayin kamu 30, kusan mita 17, daga nan kuma a bi abin da masu aikin suka ga ya dace, domin aikin da kansa zai koyar da abin da za a yi. Hukuma ce ta rubuta a takardarta cewa ilimin da ake buƙata zai fito ne daga gwaji. Aka fara aiki ranar 7 ga Agusta 1420.

Yadda aka yi

Ƙubbar biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Ta ciki mai kauri ce, kusan mita biyu, ita ke ɗauke da nauyi. Ta waje siririya ce, tana kare ruwa tana kuma ba ginin kwarjini. Haƙarƙari 24 ne suka haɗa su, takwas manya a kusurwoyi, 16 ƙanana a tsakani. Sararin da ke tsakaninsu ya rage nauyi, ya kuma zama hanyar hawa. Matakala 463 da masu yawon buɗe ido ke bi yau, wani sashensu ta nan suka ratsa. Domin kada gindin ƙubbar ya buɗe waje, tunda babu tokara, aka binne ɗamara a cikin bangon: zagayen dogayen duwatsu da aka ɗaure da ƙarfe, da kuma zagaye ɗaya na manyan katakai 24.

Da dutse aka fara, da aka ɗan hau sai aka koma jan bulo saboda ya fi sauƙin nauyi. An ƙiyasta bulo sama da miliyan huɗu. A nan ne dabarar da ta ceci aikin take. Ana jera bulo a kwance kamar yadda aka saba, amma bayan kowane ɗan tazara sai a tsayar da ɗaya a tsaye, kansa ya fito sama da layin. A layi na gaba sai a tsayar da wani a gefensa, haka har tsayayyun su yi ta hawa a karkace, tsarin da Italiyawa ke kira ƙashin kifi. Tsayayyun suna raba layin gida-gida, kowane gida ya matsu tsakanin biyu, saboda haka sabon bulo ba ya zamewa ciki ko da kwaɓin bai kama ba. Ƙari a kan haka, layukan ba a miƙe suke ba, kowanne yana ɗan lotsawa a tsakiyar ɓangare ya tashi a kusurwa, ta yadda ginin mai kusurwa takwas yake aiki tamkar mai da'ira. Kuma dukkan ɓangarori takwas tare suke hawa, ba a fara sabon layi sai an haɗe bakin na ƙasa. Wanda ya taɓa kallon maginan gargajiya na Kano ko Zariya suna ɗaurin bakan gizo, suna miƙo azara daga bango kaɗan-kaɗan, kowane mataki ya kama kafin a ɗora na gaba, zai gane tunanin: ginin ne ke riƙe kansa yayin da yake tashi.

Sai batun kai kaya sama. Brunelleschi ya ƙera wata na'ura da shanu ke juyawa, aka fara aiki da ita a 1421, hukumar ta ba shi ladan fulorin 100. Abin da ya bambanta ta shi ne tana da giyar juyawa. Shanun suna tafiya ta fuska ɗaya kullum, amma da an motsa wani sukurun katako sai igiyar ta koma sauka maimakon hawa, babu buƙatar kwance su a juya su. A ginin da za a ɗaga dubban tan na kaya, wannan lokaci ne mai yawa aka tsira da shi. Ya kuma ƙera wasu na'urori a sama masu ɗaukar dutse su ajiye shi daidai inda ake so.

Takardun hukumar sun adana ƙananan abubuwa da nake ganin sun cancanci a ambata, domin su ne ke nuna mutanen da suka yi aikin. Da ginin ya yi nisa aka sa shinge a dandamalin da magina ke tsayawa domin kada idonsu ya riƙa faɗawa ƙasa. Aka yi dokar cewa ruwan inabin da ake hawa da shi sai an surka shi da ruwa. Wanda ya zaɓi aikin ƙasa saboda tsoron tsayi, ladansa ya ragu. Farin dutsen mabul daga Carrara ake kawo shi, katako daga dazuzzukan Casentino.

Ba komai ne ya yi masa kyau ba. A 1421 hukumar birnin ta ba shi takardar mallakar fasaha ta shekara uku a kan wani jirgin ruwa da ya ƙirƙira domin dakon kaya a kogin Arno, takardar da ake lissafawa cikin na farko-farko irinta a tarihi. Da aka loda wa jirgin mabul daga Pisa, bai iso da kayan ba, asarar kuma ta hau kansa. A 1430, lokacin yaƙi da Lucca, ya ba da shawarar a karkatar da kogin Serchio a malale garin, sai ruwan ya koma kan sansanin sojojin Fulorans. A watan Agusta 1434 ƙungiyar masu aikin dutse da katako ta sa aka kulle shi saboda bai biya kuɗin ƙungiya ba. Hukumar ginin ta tashi tsaye, aka sake shi bayan 'yan kwanaki. Wannan ƙaramin rikici yana da ma'ana: tsohon tsari yana cewa mai gini dole ya fito daga cikin magina, ga kuma wani sabon mutum wanda aikinsa tsarawa da lissafi ne.

Ranar 25 ga Maris 1436, wadda ita ce ranar sabuwar shekara a lissafin garin, Fafaroma Eugenius na Huɗu ya keɓe majami'ar. A ƙarshen Agusta na shekarar aka yi bikin rufe ƙubbar. Shekara 16 ke nan da fara aiki.

A wannan shekara Leon Battista Alberti, wanda ya taso cikin littattafan Latin, ya sadaukar da littafinsa kan zane ga Brunelleschi. A gabatarwar ya ce a da yana zaton duniya ta tsufa ta daina haihuwar haziƙai, har sai da ya zo Fulorans. Ya siffanta ƙubbar da cewa inuwarta za ta iya rufe dukkan mutanen Tuskani, yankin da Fulorans ke ciki, ya ƙara da cewa mai yiwuwa su kansu mutanen da ba su san irin wannan dabara ba. Mai faɗin haka yana cikin manyan masu ɗaukaka Rumawa a zamaninsa, kuma shi ne ke cewa an zo da abin da ba a gada daga gare su ba. Siffar ƙubbar mai tsini ma ta zamanin tsakiya ce. Mai neman salon Rumawa a aikin Brunelleschi sai ya duba gidan marayu na Innocenti da ya fara a 1419, da ginshiƙansa da bakunansa masu zagaye.

Kuma ba Rum da Girka ne kaɗai mashayar wannan zamani ba. Lissafin da 'ya'yan 'yan kasuwa da masu sana'a ke koyo a makarantun garin ya bi sawun Fibonacci ne, wanda ya koyi alƙaluman Indiya da Larabawa a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ya kuma rubuta littafinsa a 1202. Ghiberti, a rubutunsa kan fasaha, ya ɗebo da yawa daga littafin Ibn al-Haisam kan gani da haske, wanda aka daɗe da fassarawa zuwa Latin. Masana tarihin gini kuma sukan kwatanta ƙubbar Fulorans da ta hubbaren Sarki Uljaitu a Sultaniyya ta ƙasar Iran, wadda aka gina tsakanin 1302 da 1312: ita ma ta jan bulo ce, mai ninki biyu, a kan gindi mai kusurwa takwas. Fataken Italiya suna zuwa wannan yanki a lokacin. Kamannin a fili yake, kuma ya isa ya nuna cewa dabarar ninki biyu ta girmi Fulorans, ko da kowane gari ya kai gare ta ta hanyarsa.

A ƙarƙashin wannan ƙubba, ranar 6 ga Yuli 1439, aka karanta sanarwar haɗe cocin Rum da na Girka. Haɗin bai ɗore ba, amma taron ya kawo malaman Girka irin su Plethon da Bessarion cikin garin, daga baya kuma wakilai daga Masar da Habasha suka iso.

Brunelleschi ya ci gasar 'yar hasumiyar da za ta zauna a ƙololuwa, amma ya rasu a watan Afrilu 1446, ana fara ta ke nan. Aka binne shi a cikin majami'ar, karramawar da ba a saba yi wa mai sana'ar hannu ba. A 1471 aka ɗora ƙwallon tagulla da aka ƙera a shagon Verrocchio, inda Leonardo da Vinci yake yaron shago. Leonardo ya zana na'urorin ɗaga kayan a littattafansa, kuma irin waɗannan zane-zane na wasu ne suka adana mana siffarsu, domin shi Brunelleschi bai bar zanen ƙubbar ko ɗaya ba. Shi ya sa har a ƙarshen ƙarni na 20 wani masanin gini, Massimo Ricci, ya tayar da samfurinta mai kashi ɗaya cikin biyar a wani lambu a birnin, domin ya gwada da hannu yadda aka sarrafa igiyoyin awo.

Ƙubbar tana da tsagu, manya daga cikinsu sun ratsa ɓangarori huɗu daga gindi zuwa sama, kuma tun ƙarni na 17 ake kafa kwamitoci a kansu. Suna ɗan buɗewa da sanyi su matse da zafi. A yau an dasa na'urori a jikin bangon suna auna motsinsu dare da rana, kuma hukumar da ke kula da majami'ar ita ce dai wadda ta yi shelar gasar 1418.